Yadda tsohon soja zai rubuta wasiƙar neman shiga jami'a

Wani ƙanena da ya yi shekara 11 a aikin soja ya same ni a Garwa, arewacin Kamaru, da takarda shafi huɗu, ya ce, "Yaya, duba mini wannan, jami'a zan kai." Na karanta. Shafi uku labarin daji ne: Mora, Kolofata, daren da aka yi musu kwanton ɓauna, abokin da bai dawo ba. Sai a layin ƙarshe na gane ashe lissafin kuɗi yake son ya karanta. Na ce masa malamin da zai duba wannan zai tausaya maka, amma ba ka gaya masa dalilin da zai ba ka kujera a ajinsa ba. Muka zauna muka sake ta daga tushe. Ga yadda muka yi.

Kafin ka ɗauki biro, gano ko ana ma neman wasiƙar. A jami'o'in gwamnati irin na Ngaundere, Marwa da Garwa, shiga shekarar farko yawanci maganar takardu ce. Wasiƙar bayyana manufa, wadda ake ce wa lettre de motivation, an fi tambayarta a digirin sana'a, digiri na biyu, neman tallafin karatu, ko karatu a Faransa ta hanyar Campus France, hukumar da ke kula da ɗaliban waje masu neman karatu a can. Duba kuma maganar shekaru, domin makarantun da ake shiga ta jarrabawar gasa, irin ta horar da malamai a Marwa, sukan sa iyaka. Wanda ba shi da bak kuwa, wato shaidar kammala sakandare, ya tambayi tsangayar shari'a game da Capacité en droit, karatun shekara biyu ne da aka tanada don irinsa.

Sai ka ɗauki farar takarda ka rubuta duk aikin da ka yi a soja wanda ba harbi ba. Nan ne aikin yake, kuma nan tsofaffin sojoji suka fi yi wa kansu rowa. Na tambayi ƙanena, ban da riƙe bindiga me ka yi? Ya ce babu. Na matsa masa. Ashe shekara huɗu shi ke riƙe da littafin sito: buhunan shinkafa, man mota, takalma, duk abin da ya shiga ko ya fita sai da sa hannunsa, kuma duk ƙarshen wata sai ya haɗa rahoto. Na ce, to ai lissafin ke nan kana yi ba ka sani ba. Wanda ya yi aiki a asibitin bariki, da mai gyaran rediyo, da direba, da wanda ya horar da sababbin shiga, kowa na da irin wannan. Zaɓi guda ɗaya ko biyu da suka yi daidai da karatun da kake nema, sauran ka bar su.

Daga nan ka juya su zuwa harshen farar hula. Malamin jami'a bai san gajerun sunayen rundunoni ba, muƙaminka ma ba lalle ya san nauyinsa ba. Maimakon "na zama sajan", rubuta cewa mutum goma suna ƙarƙashinka, abincinsu da kayan aikinsu da lafiyarsu duk a wuyanka. Ka sa adadi na gaskiya. Kada kuma ka ambaci wurin da aka girke ku da kwanan wata, ko sunayen manyanka, ko yadda aka tsara wani farmaki. Tuɓe kaki bai sauke maka amanar sirri ba.

Tsarin wasiƙar shafi ɗaya ne, sakin layi huɗu. Na farko: wane ne kai, wane fanni kake nema, a layi biyu. Na biyu: aikin nan da ka zaɓa. Na uku shi ne amsar tambayar da ke cikin ran mai karatu, wato mutumin da ya rabu da aji shekara da shekaru zai iya kuwa? Kada ka ba da haƙuri a kan shekarunka, kada kuma ka yi kurin "na fi yaran nan sanin duniya". Faɗi shekarar da ka ci bak, ka faɗi abin da kake yi yanzu don farfaɗo da karatu. Ƙanena yana zuwa koyon kwamfuta da yamma, shi muka rubuta. Na huɗu: me za ka yi da digirin. Shi ya ce yana so ya riƙa yi wa ƙungiyoyin manoman auduga lissafi. Wannan ya fi "ina so in bauta wa ƙasata" sau goma, domin ƙasa kam ka riga ka bauta mata, kowa ya gani.

Ka fara tsara maganar da Hausa ko Fulatanci idan ya fi maka sauƙi, sannan ka mai da ita Faransanci ko Ingilishi, gwargwadon harshen da ake koyarwa a sashen. Faransancin bariki gajere ne, mai kama da ba da umarni, don haka ba wa wani malamin lise, wato makarantar sakandare, ya duba. Ya gyara nahawu kawai, kada ya cusa maka manyan kalmomin da ko kai ba za ka iya maimaitawa ba ranar ganawa.

Sauran kuwa zirga-zirga ce: kwafin takardar haihuwa da na bak masu hatimi, hotuna, takardar sallama daga soja, da sefa 50,000 na rajistar shekara a jami'ar gwamnati, ko da yake digirin sana'a ya fi haka tsada. Idan an nemi takardar kotu ta shaidar rashin laifi, bar ta sai ƙarshe, wata uku kawai take aiki. Ka ɗauki hoton kowace takarda a wayarka kafin ka miƙa, ka kuma karɓi rasit.