Yadda nake zaɓar rigar ƙyalli ga ma'aikatan sito

Sito nake kula da shi a Kakuri cikin Kaduna, kayanmu taki ne da masara da waken suya. Da zarar damina ta kawo kai, tirelolin taki ba sa yankewa, wani lokaci sai bayan Isha'i muke sallamar ta ƙarshe. 'Yan dako suna kai da komo da buhu a ka, fokilif biyu, wato ƙananan motocin ɗaga kaya, suna zirga-zirga tsakanin layuka, direban tirela yana ribas da madubi ɗaya. A wuri irin wannan, falmaran ɗin nan mai ƙyalli da muke kira rifilekta aikinta ɗaya ne: mai tuƙi ya hango mutum tun yana da sauran damar taka birki.

Shekarar da na kama aiki, maigida ya ba ni kuɗi in sayo wa ma'aikata. Na shiga kasuwa na ɗauko mafi araha, dozin uku, duk ruwan ɗorawa, suna sheƙi a cikin leda. Wata biyu ba su cika ba suka koɗe. Wata ranar hunturu gab da Magariba, hazo ya rufe gari, aka ɗauke wuta, janareto bai riga ya tashi ba. Wani dattijo cikin 'yan dako ya durƙusa yana tattara takin da ya zube daga buhun da ya fashe, sai ga fokilif ya kunno kai ɗauke da kaya. Ihun yaron mota ne ya tsayar da shi, saura bai fi taku biyu ba. Direban ya sauko jikinsa yana rawa, ya ce, "Wallahi Malam ban ga Baba ba, na ɗauka buhu ne." Na haska rigar dattijon da tocila. Yadin ya koma kalar buhun da ke gefensa, ratsin azurfar nan ya zama toka-toka, babu hasken da yake maidowa. Tun daga ranar ban ƙara sayen riga ba sai na gwada ta.

Rigar ƙyalli abu biyu ne aka haɗa, kowanne da lokacin aikinsa. Yadin mai launi yana aiki ne da hasken rana. Rininsa yana karɓar wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, ya maido shi a matsayin launin da ake gani, shi ya sa yake ɗaukar ido da hantsi, da la'asar sakaliya, har cikin hazo. Dare na yi ya zama yadi kamar kowane. Shi kuwa ratsin azurfa, ƙananan ƙwayoyin gilashi ne ko 'yan ƙananan kusurwoyi aka shimfiɗa a kansa, suna mayar da haske can inda ya fito. Fitilar mota ta doke shi, ya koma wajen direba. In babu fitila, babu abin da zai yi. Sito yana buƙatar duka biyun, domin bakin ƙofa rana ce tarwai, can ƙurya kuma tsakanin tarin buhuna duhu ne ko da tsakar rana.

To ga gwajin. Ka ce wa mai shago ya ba ka guda ɗaya samfuri kafin ka sayi dozin. Da daddare ka sa wani ya saka ta ya tsaya taku talatin daga inda kake. Kunna tocilar wayarka ka riƙe ta dab da idonka, a gefen kunci, ba a ƙugu ba, saboda hasken wajen tocilar zai dawo. Ratsi mai kyau zai tashi fari fat kamar an kunna masa wuta. Na jabu, wanda fenti ne kawai ko leda mai sheƙi, zai ɗan yi walƙiya ya mutu. Ka ce ya juya baya, ya ba ka gefe, ya sunkuya, ya ɗora buhu a kafaɗa, a kowane hali ka ga ko akwai abin da ke haskawa. Bayan nan ka ba da ita a wanke sau uku ko huɗu yadda ma'aikaci zai wanke ta a gida, da omo da cuɗa, ka sake gwadawa. Yawancin na banza a nan suke tona kansu: ratsin ya tsattsage ko ya fara ɓarewa daga baki, launin ya zube a ruwan wanki.

Sai takardar da ke ɗinke a wuya ko a gefen rigar. Ma'aunin da aka fi gani a kayan da ke shigowa ƙasar nan shi ne EN ISO 20471, wanda ya maye gurbin EN 471 a 2013. Za ka ga ɗan zanen falmaran da lamba a gefensa, 1 ko 2 ko 3, shi ne ajin rigar. Aji na 1 mafi ƙarancinsa murabba'in mita 0.14 na yadi mai launi da 0.10 na ratsi. Aji na 2 rabin murabba'in mita na yadi da 0.13 na ratsi. Aji na 3 kuwa 0.80 da 0.20, kuma falmaran ita kaɗai ba ta kai wa can, sai an haɗa da hannaye masu ratsi ko dogon wando mai ratsi. Kayan Amurka suna zuwa da ANSI/ISEA 107, su ma da nasu azuzuwan. Ni aji na 2 nake saya wa kowa. Aji na 1 zai iya isar wanda ba ya fita daga cikin sito, amma a wurinmu babu irin wannan ma'aikacin: wanda ke jera kaya a ƙurya yanzu, anjima shi ne a bayan tirela. Mai ba direba hannu a bakin titi da daddare, shi nake nema wa aji na 3. Takarda dai kowa na iya bugawa ya manna, don haka ina tafiya da tef ɗin awo a aljihu. Faɗin ratsi bai kamata ya gaza santimita 5 ba, kuma ya zagaye jiki gaba ɗaya. Na sha ganin masu santimita 3 da lambar aji na 2 a wuyansu.

Ga 'yan dako akwai wani abu da mai shago ba zai faɗa maka ba. Buhu yana rufe kafaɗa, kuma gogar buhu tana cinye ratsin da ya hau kafaɗa kafin ko'ina. Saboda haka nake zaɓar mai ratsi biyu da suka zagaye ciki da ƙugu, ga kuma na kafaɗa a matsayin ƙari. Na kafaɗar yana da ranarsa, domin idan mutum ya sunkuya, ko direba yana kallo daga saman kan tirela, shi ake fara gani.

Launi uku ma'aunin ya yarda da su: ruwan ɗorawa mai ɗaukar ido, ruwan lemo mai ja-ja, da ja. Kafin ka zaɓa ka tsaya a tsakiyar sitonka ka dubi abin da ke bayan mutane. Fokilif ɗinmu ruwan ɗorawa ne, layukan da muka ja a ƙasa ma haka, buhunan masara kuma fari-fari ne da ƙura ta rina. Ruwan lemo ne ya fi fita a wurinmu. Wanda sitonsa cike yake da kwalaye ruwan ƙasa ko jan kaya, ruwan ɗorawa zai fi masa. Shuɗi da baƙi da kore mai duhu da wasu ke saya don a bambanta shugaban aiki ba sa cikin ma'auni. In bambanci ake so, a yi shi a hula. Sunan kamfani ma a buga shi ƙarami, domin duk inda rubutu ya rufe an rage yadin da ake gani.

Riga komai kyanta, in tana aljihu ko an ɗaura ta a ka kamar gammo, ba ta kare kowa ba. Zafin Maris da Afrilu a ƙarƙashin rufin kwano ba wasa ba ne. Na taɓa tsare dattijon nan na ce, "Baba, ina rigarka?" Ya zaro ta daga aljihun wando ya ce, "Ɗana, wannan leda ce, in na sa ta zufa har cikin ido." Gaskiya ya faɗa. Na koma sayen mai raga-raga wadda iska ke ratsawa, ƙorafin ya ragu sosai. Girma ma haka ne. Wadda ake cewa tana shiga kowa, siririn yaro tana yi masa yawo a jiki, ƙato kuma ba ta rufe masa gaba, in ba ta rufu ba kuwa ratsin bai zagaye ba. Ina sayen girma uku, kuma ina lissafa hunturu, lokacin da kowa ke zuwa da rigar sanyi. Falmaran a saman komai take zama, ba a ƙarƙashin jaket ba.

Wajen rufewa akwai zif, akwai abin mannawa da ake ɓarewa ya yi ƙara. A siton hatsi ƙura da zaren buhu suna toshe abin mannawa cikin 'yan makonni, sai rigar ta dinga buɗewa, don haka zif ya fi daɗewa. Amma masu aiki kusa da bel mai jan buhu ko injin casa, mai mannawa nake ba su, irin wadda ke rabuwa a kafaɗa da gefe in an fizge ta. Gara injin ya tafi da riga ya bar mutum. Mai walda kuma kada a ba shi irin wannan sam. Yadin roba ne, tartsatsi na taɓa shi zai narke ya manne a fata. Akwai wadda aka yi musamman don aikin wuta, ita za a nema.

Batun wanki ina faɗa wa kowa ranar da na miƙa masa tasa: ban da bilic, ban da guga a kan ratsi, ban da buroshi, a shanya a inuwa, don rana ita ke cinye launin. Takardar wuya takan nuna iyakar wankin da rigar za ta ɗauka, da yawa 25 ake rubutawa. Wadda baƙin mai ya rine, ko ratsinta ya fashe, ta gama aiki. Ina ajiye sabuwa guda ɗaya a durowa cikin ledarta. Farkon kowane wata, bayan sallar Magariba, kowa ya jera a bakin ƙofa, in ɗaga sabuwar kusa da tasa in haska. Wadda ta gaza in karɓe in yanka ta biyu, saboda in ba haka ba gobe zan gan ta a jikin sabon ɗan dako.

A daren nan ne kuma nake duba fitilun fokilif na gaba da na baya, tunda ratsi ba ya haskawa sai an haska shi. Tirelolin da ke zuwa mana da yawa fitilar ribas ɗinsu a mace take. Irin waɗannan ba na bari su motsa sai mai ba da hannu ya tsaya inda direba ke ganinsa a madubi da tocila a hannu, an kuma kori kowa daga baya. Odar sababbin riguna ina ba da ita tun Afrilu, don samfurin ya sha wankinsa huɗu kafin tirelar taki ta farko ta iso.