Yadda na gyara rumbun da ya tsage kafin ruwan farko

Zafin bazara ne ke tsaga rumbun ƙasa, kuma in ruwan farko ya same shi a haka, geron ciki sai ya yi fumfuna. Na kankare bakin tsagar na yayyafa ruwa, don busasshen bango ba ya kama sabon yaɓe. Na kwaɓa jar ƙasa kwano uku da kashin shanu kwano ɗaya da yankakkiyar ciyawa, na bar kwaɓin ya kwana biyu ya tsumu. Da yamma ake yaɓawa, siriri-siriri, shafi biyu. Mai kauri a tsakar rana sake tsagewa yake yi. Yara suka zuba toka a gindin duwatsun da rumbun ke zaune a kai saboda gara, muka ɗora sabuwar jinka.