Yadda na kawar da layi-layi a samaniyar hotona

Na ɗauki hoton wata bishiya da almuru, ina so in mayar da shi kamar zanen fenti, samaniya ta taso daga ruwan goro ta narke cikin shuɗi mai duhu. Da na gama jan launukan a Photoshop, manhajar gyaran hoto, sai ta fito da layi-layi kamar matakala. Abin ya dame ni ƙwarai, don samaniyar ce ran hoton.

Na fara da dusashe wurin, layukan suka ƙara fitowa fili. Ashe matsalar daga tushe take. Hoton JPEG ne mai bit 8, wato ja da kore da shuɗi kowanne matakai 256 kacal gare shi. In ka ja haske da ƙarfi a wuri mai santsi, sai matakan su yi nisa da juna har ido ya ga gaɓar kowanne.

Sai na koma kan fayil ɗin RAW, wato ɗanyen hoton kamar yadda kyamara ta ɗauke shi, na buɗe shi a bit 16, inda matakan suka kai dubbai, na sake aikin daga farko. Layukan suka ɓace, amma da na fitar a JPEG wasu suka dawo ta kusurwa. Nan na ɗora wa hoton sabon shafi mai ruwan toka a yanayin Overlay, wanda ke saje shafin da hoton da ke ƙarƙashinsa, na zuba masa tsaki-tsaki marar launi, kashi 2 cikin ɗari. Ƙwayoyin suka haɗe gaɓoɓin, hoton ya kuma samu ɗan kaushi irin na takardar zane, wanda ya fi mini kyau ma.