Yadda Za Ka Sake Zama Jarrabawar GMAT

GMAT jarrabawa ce ta neman shiga karatun digiri na biyu a fannin kasuwanci. Kafin komai, buɗe rahoton sakamakonka na baya, ka duba sashen da ya ja ka ƙasa: lissafi, fahimtar Turanci ko nazarin bayanai. Nan ne aikinka.

Sai ka ɗauki littafi ka rubuta kowace tambayar gwaji da ka faɗi, da dalilin faɗuwar. Rashin sani ne, gaggawa, ko lokaci ne ya ƙure? A ganina wannan littafin ya fi sabon darasi amfani.

Kowane sashe minti 45 ne, saboda haka ka riƙa gwaji da agogo a gabanka, waya a kashe.

Dokar jarrabawar ta ce a jira kwana 16 kafin a sake zama, kuma sau 5 kawai ake zama cikin wata 12. Kada ka yi rajista sai makin gwajinka ya kai abin da makarantar da kake son shiga ke nema.