Kurakuran da aka fi yi wajen renon ciyawar little bluestem

Little bluestem 'yar asalin filayen ciyawa na tsakiyar Amurka ce, kuma ita jihohin Nebraska da Kansas suka zaɓa ciyawar jiharsu. Dangin gamba ce, don da can masana tsirrai a jinsi ɗaya suka sa su, wato Andropogon, kafin daga baya a ware ta. Ana shuka ta a ƙofar gida don ado: ganyenta kore mai ratsin shuɗi a lokacin zafi, wajen Oktoba kuma ta rikiɗe ta koma kalar tagulla.

Galibin abin da ke ɓata ta gata ne ya yi mata yawa. Mutum ya samo ta, ya haƙa rami, ya cika da taki, ya riƙa kwarara mata ruwa safe da yamma. Sai ta yi tsawo fiye da ƙarfin kararta, iska ɗaya ta kwantar da ita ƙasa warwas. Wannan ciyawa ta saba da ƙasa mai tsakuwa da yashi, inda wasu tsirrai ke wahala. Maganin shi ne a janye taki gaba ɗaya. In ƙasar ce mai ƙarfi tun asali, ko wurin na da inuwa, a cire ta a mai da ita inda rana ke dukanta aƙalla awa 6 a yini.

Ruwa kuwa a shekarar farko kawai take buƙatar a kula mata da shi. Da zarar ta kafu, saiwarta kan nutsa har wajen mita 1.5, fari bai cika damunta ba. Abin da ba ta jurewa shi ne ruwa ya kwanta a gindinta da hunturu, ko a tula mata ɓawon itace har ya rufe gindin. Ruɓewa take yi.

Sai gajen haƙuri. A can Amurka, a watan Afrilu bayan wucewar sanyi, sauran ciyawar tsakar gida ta yi shar, ita tana nan a bushe, sai mai gida ya ɗauka ta mutu ya tumɓuke. Ba ta mutu ba, ɗumin ƙasa take jira, sau da yawa sai Mayu take tohowa sosai. Wanda ya shuka ta da iri ma ya shirya jiran shekara biyu zuwa uku, domin a farko saiwa take yi, ba ganye ba. Kada a binne irin da zurfi, a danna shi kawai a saman ƙasa.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne yanke ta da kaka wai don tsafta. Lokacin ne fa take kan ganiyar kyanta, tsuntsaye na cin 'ya'yanta cikin sanyi, ƙananan ƙwari kuma na fakewa a gindinta. A bari sai Maris, a yanke a bar kamar santimita 10.

Wanda ya yi duk wannan amma ta ci gaba da kwanciya, ya nemi nau'in da ake kira Standing Ovation, wanda aka zaɓa saboda tsayuwarsa. In gindi ya tsufa tsakiyarsa ta mutu, a tone shi daidai lokacin da ya fara tohowa, a raba, a jefar da mataccen, a sake dasa na gefe.