Kurakuran masu jagorantar wasan kwaikwayo don warkar da ƙuncin zuciya

Na gaji da ganin sababbin masu jagora a Katsina suna tara mata, a yi wasa, a sha kuka, a watse. Moreno, likitan da ya assasa wannan hanya a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya kafin ya koma Amurka a 1925, zango uku ya shimfiɗa: shiri, wasan kansa, sai zaman da kowa zai faɗi abin da ya taɓa shi. Na ukun nan ake yi wa riƙon sakainar kashi.

Mace ta ajiye kujera ba kowa a kai, ta ce uwar mijinta ce, ta amayar da maganar da kunya ta hana ta faɗa shekara da shekaru. Tana share hawaye da gefen mayafi sai wata dattijuwa ta gyara zama: "Haba 'yar nan, haƙuri ake yi, aure ibada ne." Shi ke nan, an toshe mata baki. To wa ya ce ba ta san haƙuri ba? Ai shi ya cinye ta har ta zo! Mai jagora kuma na zaune yana gyaɗa kai, wai girmama manya. Ni tun kafin a buɗe baki nake kafa doka: ba nasiha, ba hukunci, kowa ta faɗi inda labarin ya yi kama da nata. Wadda ta fara "da ni ce ke", sai in ce, "Hajiya, a gafarce ni, naki muke son ji."

Kuskure na biyu, barin mutum ya tafi gida da rawar da ya taka. Wani rukuni da na sha wahalar haɗawa wajen Ƙofar Marusa, haka ya wargaje: na bar wa mataimakiyata zama, wata ta fito a matsayin kishiya, aka tashi ba a sauke mata rawar ba. Mai labarin ta daina amsa gaisuwarta, ko a gidan biki. Yanzu dole 'yar wasa ta miƙe, ta cire ɗankwalin da aka ara mata, ta faɗi sunanta, ta ce, "Ni ba kishiyarki ba ce," su gaisa.

Kada a haɗa dangi ko maƙwabta a rukuni ɗaya, garin nan kowa ya san kowa. Wayoyi a jaka. Kada a buɗe labari mai nauyi ana dab da kiran magariba. Musayar rawa, wato mai labari ta fito a matsayin wanda take magana a kansa, na da amfani, amma ban taɓa tilasta wa wadda aka daka ta hau kujerar wanda ya dake ta ba. Wadda kuwa ta ambaci kashe kanta, a raka ta wurin likitan ƙwaƙwalwa a ranar.