Kafin ki sayi tafkin roba, ki auna auta

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, masu talla ta WhatsApp kan cika mu da hotunan tafkin roba, irin wanda ake kafawa a tsakar gida ba tare da haƙa ba. Yawanci Intex ne ko Bestway. Mata sai tambayar kuɗi da yawan yaran da zai ɗauka. Ni kam abin da nake fara tambaya shi ne, ina ruwan zai tsaya a jikin ƙaramin cikinsu?

Lambar da ke jikin kwali, 76 ko 91 ko 122, tsayin bango ne da santimita, ba zurfin ruwa ba. Mai zoben iska a baki ana zuba masa kusan kashi 80 cikin 100, mai ƙafafun ƙarfe kuma kusan 90. Ke nan mai 76 zai ba ki ruwa wajen santimita 60, mai 122 kuwa wajen mita ɗaya. Wannan na manya ne, ki bar shi.

Ki ɗauko tef ɗin tela, ki tsayar da yaron ba takalmi, ki auna daga ƙasa zuwa cibiya, sannan zuwa ƙirji. Ga wanda bai iya iyo ba, ruwa ya tsaya tsakanin waɗannan biyun, kada ya kai hammata. Ɗan shekara biyar yakan kai tsayin santimita 110, don haka ruwa mai 60 bai wuce cibiyarsa ba. Ɗan shekara uku kuwa, mai tsayi wajen 95, ruwan nan zai kama masa ƙirji, kuma da yayyensa sun fara tsalle-tsalle zai riƙa dukan bakinsa. Ruwan ƙirji yana rage wa yaro nauyi, ƙafa ta riƙa ɗagewa, ga ƙasan roba da santsi. Shi ya sa nake aunawa da auta, manyan su yi haƙuri su durƙusa. Wanda bai kai uku ba, ƙaramin na hurawa ya ishe shi, ruwa iya ƙugu in yana zaune.

Maigidana yakan ce 'ya'yansa jinin Kabawa ne, ruwa ba ya cin su. Na ce masa, Baban Auta, su ma masuntan kogin Matan Fada na Argungu koya suka yi.

Kada ki sayi mai zurfi da niyyar zuba ruwa rabi. Mai zoben iska ruwa ne ke tayar da bangonsa. In bai kai ƙarƙashin zoben ba, bangon zai langaɓe. Mai ƙarfe ana iya rage masa, amma in ruwan ya sauka ƙasa da ramukan famfo, sai an kashe injin tacewa.

Sai maganar ƙasa. Tsakar gidajenmu da gangan ake karkatar da ita wajen rariya. Ki fara zuba ruwa kamar santimita 2 ko 3 ki duba. In ya taru gefe guda, ki canja wuri ko a sare tudun, domin in ya cika a haka wani ɓangaren zai fi zurfin da kika auna, bangon ma yana iya kwantawa. In komai ya daidaita, ki liƙa salatef a jikin bango daidai inda ruwa zai tsaya, don kowa ya gani.

Ki yi lissafin ruwa ma. Mai zoben iska mai faɗin mita 3 da tsayi 76 yana cin lita wajen 3,800, wato jarka 150 da ɗoriya ta lita 25. In ba bohol gare ku ba, ƙaramin ya fi miki sauƙi.

Ruwan da bai wuce santimita 5 ba yana iya kashe ɗan rarrafe, kuma yaron da ke nutsewa ba ya ihu. Babban mutum zai zauna inda hannunsa zai kai ga yaro, waya a ajiye, ba a bar wa yayarsa 'yar shekara tara ba. Ba a tsunduma da ka. In an gama, ƙaramin tafki a zubar a kife shi, don ruwan da aka bari yana tara sauro ma. Babban tafki kuma a cire tsani a kulle shi a ɗaki, don murfin leda ba ya hana yaro faɗawa.